Sai da na je Masar aka daina tambayata wane yare ne ni

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in faɗi wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni ɗalibi ne, shekarata ta huɗu ke nan ina karatun harhaɗa magunguna a Alƙahira, yanzu na zo hutu gida. Makon jiya na hau adaidaita sahu daga Sabon Gari zuwa Kantin Kwari, muna ta hira da wani dattijo kan tsadar hatsi. Wayata ta yi ƙara, ya ji ina ce wa ƙanwata sai mun haɗu a coci. Sai ya dube ni ya ce, "Yaro, amma ka iya Hausa! Wane yare ne kai?" Na ce, "Baba, ai ba ni da wani yare sai wannan." Ya yi murmushi, amma na ga bai yarda ba. Ban ji haushinsa ba, don ba da mugun nufi ya faɗa ba, sai dai na sauka zuciyata a jagule.

Kakana Bamaguje ne daga wani ƙauye a ƙasar Sumaila. Ya karɓi bishara a hannun 'yan mishan na SIM, waɗanda daga aikinsu ne ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Da Hausa aka yi masa baftisma, da Hausa ya riƙa addu'a har ya koma ga Mahaliccinsa. Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932. Duk da haka, jikansa da aka haifa a birnin Dabo yana shan tambayar daga ina ya zo.

Da na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ban san kowa a Masar ba. Wanda ya tare ni wani ɗan Fagge ne mai karatu a Jami'ar Azhar, maƙwabcinmu ne ya haɗa mu. Ya kai ni gidan da suke haya su huɗu a Hayyul Ashir, unguwar da baƙaƙen fata suka yi yawa. A daren farko na gaya masa ni Kirista ne, gabana yana faɗuwa, don na ɗauka zai ce in nemi wani wuri. Ya ce, "To, ɗan'uwa, sai me? Ka dai zo mana da kuka da daddawa ko?" Shekara uku ke nan muna cin tuwo a kwano ɗaya. Da azumi ni ke sa musu tukunya kafin su dawo daga darasi, idan kuma za ni sujada shi ke tashina in ya dawo daga sallar asuba. A titi, in yara marasa tarbiyya suka bi mu da tsokana saboda launin fatarmu, ba sa tambayar wane ne Musulmi wane ne Kirista, tare muke haɗiye ta.

Amma abin da ya fi girgiza ni Kibɗawa ne, wato Kiristocin Masar na asali. Wani direban tasi ne na fara lura da shi, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannunsa na dama, bakinsa kuwa ba ya rabuwa da "insha Allahu" da "alhamdu lillahi". A cocinsu sunan Allah suke kira, kamar yadda muke kira a namu. Ba wanda ya taɓa ce wa wannan direba, "Amma ka iya Larabci!" Ɗan ƙasa ne, kowa ya sani. Suna danganta ikkilisiyarsu ga Markus mai bishara, wanda suka ce shi ya kafa ta a Iskandariyya tun ƙarni na farko.

Wata Juma'a na hau jirgin ƙasa na cikin gari na sauka a tashar Mar Girgis, a Tsohuwar Alƙahira. Can ne cocin da ake kira Mu'allaƙa, wadda aka ɗora a kan ƙofar tsohuwar ganuwar Rumawa. Kusa da ita akwai cocin Abu Sarga, mai wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda Kibɗawa suka ce Yusufu da Maryamu sun fake da Yesu yana jariri lokacin da suka gudo daga sarki Hirudus. Tun ina makarantar Lahadi nake jin labarin nan daga Matiyu sura 2, amma ban taɓa kawowa a raina cewa a Afirka, ƙasar da nake takawa, Almasihu ya yi gudun hijira ba. Na tsaya a bakin matakalar ina hawaye, mutane suna ratsa ni suna wucewa. Da na fito na yi 'yar tafiya da ƙafa, sai ga masallacin Amru bin As, na farko da aka gina a Masar, jama'a suna ta shimfiɗa darduma har waje. Mai shayin da ke tsakanin wuraren biyu kowa yake zuba wa.

Ibadarsu ta ba ni kunya ta kuma ƙara mini himma. Maza gefe guda, mata gefe guda da mayafi a ka, ana cire takalmi kafin a kusanci bagadi, ana kai goshi ƙasa. Suna azumin kwana 43 kafin Kirsimeti, wadda suke yi ranar 7 ga Janairu kuma hutu ne ga ƙasa baki ɗaya, da na kwana 55 kafin Ista, ba nama, ba madara, ba ƙwai. Ni ɗan ECWA ne, a cocin 'yan Furotesta na Ƙasrul Dubara kusa da dandalin Tahrir nake sujada, ban kuwa sauya ba. Amma daga wurin Kibɗawa na koyi tashi da dare in karanta Zabura.

Ba zan ɓoye ba, su ma suna da nasu ciwon. A ƙofar manyan coci-coci akwai 'yan sanda da na'urar bincike, kuma har yau ana tuna bam ɗin da ya tashi a cocin Butrusiyya a Disamba 2016. Mu da muka girma a Kano mun san irin wannan fargaba, Musulmi da Kirista, don ba mu manta da hare-haren bam na 20 ga Janairu 2012 ba, ba mu manta da harin babban masallacin Juma'a na 2014 ba.

Na hau Dutsen Sina'i sau ɗaya, cikin dare da sanyi mai ratsa ƙashi, Larabawan daji suna yi mana jagora. A gindinsa, cikin katangar tsohon gidan ruhubanawa na Santa Katarina da aka gina a ƙarni na 6, akwai ɗan masallaci kusa da coci.

Ranka ya daɗe, roƙona ga jaridarka guda ne. Idan za a yi labarin Kiristocin Kano, kada a tsaya a kan baƙi 'yan kasuwa na Sabon Gari kaɗai. A tura wakili ƙauyukan Sumaila da Tudun Wada da Rogo ranar Lahadi, ya ji zumuntar mata suna waƙa da Hausa tsantsa, ya tambayi dattawa tarihinsu, ya tambaye su halin makarantun 'ya'yansu da rijiyoyinsu, a buga da sunan Hausawa, don su ne. Dattijon nan na cikin adaidaita yana iya karantawa, ko jikansa ya karanta masa. Iyayenmu Kiristoci kuma, masu tsoron tura 'ya'yansu ƙasar Larabawa karatu, ina shaida muku ban rasa wurin sujada ko mako ɗaya ba.

Ƙarshen wata zan koma. Jiya na je Fagge gaida mahaifiyar abokin nan nawa, ta ɗaure mini ƙullin kuka da yaji da kilishi in kai masa, ta ce rabi nawa ne, ta sa mini albarka har bakin zaure.

Naka,
Wani ɗalibi daga Sabon Gari, Kano