Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Shirin Ranar 27 Ga Mayu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya ɗalibai? Na ji an ɗora maka shirya wa 'yan aji biyar da shida taron Ranar Yara. Allah Ya taya ka riƙo. Shawarata ita ce kada ranar ta ƙare a fareti da rabon alewa, domin a ranar 27 ga Mayu, 1967 ne Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar nan jihohi 12, aka haifi Jihar Kano, Audu Bako ya zama gwamnanta na farko. Babu ranar da ta fi ta dacewa yaron Kano ya san inda yake zaune.

Na san yaranka sun iya rera jihohi 36 da manyan biranensu tun daga Abia har Zamfara. Amma ka tsayar da ɗaya a tsakiyar waƙar, ka ce ya nuna maka da hannu inda Jalingo take, za ka ga ya yi shiru. Wannan shirun shi za ka yi wa magani.

Ka zana taswirar a ƙasa, a filin makaranta, faɗinta kamar taku goma sha biyu. Toka ko farar ƙasa ta isa. Ka zana da sassafe a ranar, kada ka bari ta kwana, don ƙarshen Mayu hadari na iya tasowa da dare. Ka kuma gama kafin ƙarfe sha ɗaya, rana na yin zafi hankalin yara ya watse. Abu mafi muhimmanci, arewar zanen ta fuskanci arewa ta gaskiya. Taswirar da ke rataye a bango ita ke sa yaro ya ɗauka arewa na nufin sama. Yaranmu sun san gabas saboda salla, to daga nan za ka fara: wanda ya fuskanci gabas, arewa na hagunsa.

Koguna za ka fara shimfiɗawa da igiya kafin jihohi. Neja ta shigo ta Kebbi, Binuwai ta shigo ta Adamawa, su haɗu a Lokoja kamar gwafa, su gangara teku. Idan wannan ya zauna, sauran duk sai su sami wurin zama. Sannan ka yanka kwali 37, jihohi da Abuja, sunan jiha a gaba, babban birni a baya, kowane yaro ya ɗauki ɗaya ya je ya tsaya a gurbinsa. Mai riƙe da Kano ya fara tsayawa, maƙwabtansa huɗu su kewaye shi: Katsina a arewa maso yamma, Jigawa a arewa maso gabas, Bauchi a kudu maso gabas, Kaduna a kudu maso yamma.

Inda yara suka fi tuntuɓe shi ne inda garin da ya fi suna ba shi ne babban birni ba. Za su ce maka Anaca ce ta Anambra, alhali Awka ce. Za su ce Aba maimakon Umuahia, Warri maimakon Asaba, Potiskum maimakon Damaturu, Keffi maimakon Lafiya. Babban birnin Jihar Legas kuwa Ikeja ne. Ka kula da Neja, don suna haɗa jihar da ke da Minna da jamhuriyar da ke da Yamai, haka Jihar Nasarawa da ƙaramar hukumar Nasarawa ta nan cikin Kano. Ka duba taswirar ofishin hedimasta tukuna: in ka ga Gongola ko Bendel, ko ka nemi Jigawa ka rasa, ta girmi 1991, ka ajiye ta don darasin tarihi. Jihohi sun zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga Kano aka ba ta Dutse, sannan 36 a 1996.

Kashi na ƙarshe shi na fi so ka ba lokaci. Kowane yaro ya faɗi unguwarsu, mazaɓarsu, da ƙaramar hukumarsu. Da yawa za su ce “Kano” kawai, ba su san ko Dala suke ba, ko Gwale, ko Fagge, ko Tarauni. Ka nuna musu cewa cikin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan Kano ke da 44, tana da sanatoci 3 cikin 109, 'yan majalisar wakilai 24 cikin 360, da kujeru 40 a majalisar dokokin jiha. Daga nan ka tambaye su: in kwata ta toshe a layinku, wa za a fara gaya wa? Su bi matakan da bakinsu, daga mai unguwa da kansila zuwa shugaban ƙaramar hukuma, su kuma bambance sarauta da kujerar zaɓe. Kada ka bari sunan wata jam'iyya ya shigo filin, yara ne na gidaje daban-daban kuma amana ce a hannunka.

Mahaifiyarka na gaishe ka. Ka turo mana hoton taswirar in an gama. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Kano.