Kada a yi wa agogon Kaka wani tukuna

Birmingham, Ingila

Assalamu alaikum ƙanena,

Ina fata kana lafiya, da Inna da sauran mutanen gida. Na ga hoton agogon aljihun da kuka samu a akwatin marigayi Kaka, Allah ya jiƙansa.

Don Allah kada kowa ya yi masa wani, wato ya murɗa shi don ya tashi. Man da ke cikinsa ya bushe tuntuni, ƙurar hunturu ta haɗu da shi, in ya tashi a haka sai haƙoran da ƙusoshin su ci juna. Kada kuma a ɗiga masa kananzir ko man keken ɗinki. Mai yana manne zoben wani siririn sifirin da ke cikinsa mai kamar gashi, agogo ya riƙa gudu fiye da ƙima.

Ka sa farce ka buɗe murfin baya, akwai wani murfin a ƙarƙashinsa. Lambar da nake so ita ce ta jikin injin, domin a da a Amurka wani kamfani ke yin inji, wani ya yi gidan. In injin na kamfanin Waltham ne ko na Elgin, duka na Amurka, wannan lambar za ta nuna shekararsa. Dubi hatimin cikin murfin: zaki mai tafiya alamar azurfar Ingila ce, anka, wato ƙugiyar jirgin ruwa, kuma ta garin nan Birmingham, lambar 0.800 ko 0.935 mai nuna yawan azurfa galibi aikin Suwizalan. In rubutun ya ba da garantin shekara 20, rufin zinariya ne kawai, kada ka kai wa maƙeri.

Ka ɗan juya shi a hankali ka kalli gargaren da ke lilo. In yana tangaɗi ko ya kwanta gefe, ƙusarsa ta karye. Irin waɗannan ba su da kariyar faɗuwa, sai a shekarun 1930 ta fara yaɗuwa. Lafiyayye yakan buga sau 5 a daƙiƙa, wani ɗaya ya kai shi wajen awa 30.

Fuskar tangaran ce, goge ta da ƙarfi na tsaga ta, kuma masu tara agogo sun fi daraja wanda ba a taɓa ba. In lambobin na da busasshen fenti rawaya, kada a kankare, yana iya zama radiyam mai cutarwa. Ka naɗe shi a tsumma, nesa da waya da lasifika saboda maganaɗisu, ka turo mini lambar.

A gaida Inna da kyau.

Yayanka