Tuwo da madara ba abincin 'yar mage ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, dan Allah ka ɗan sam min fili in yi magana a kan wani abu da na san wasu za su ce wannan matar dai ba ta da aikin yi, ana fama da kuɗin masara ita kuma zancen mage take. To na ji, amma gidaje nawa ne a garin nan babu mage? Kuma yawancinmu ba mugunta ce ke sa mu kashe 'ya'yansu ba, rashin sani ne kawai, ni ma na kashe ɗaya shi yasa nake rubutun nan.

Daminar bara ɗana na biyu ya shigo min da wata 'yar kyanwa a cikin kwali, wai a bayan masallaci ya tsince ta, ta jiƙe sharkaf, duk girmanta bai fi tafin hannuna ba. Muka yi abin da kowa ke yi, aka dama madarar gari a murfin roba, da dare a gutsura mata tuwo a dangwala a miyar kuka, da rana ragowar shinkafa da miya. Kwana 3 sai zawo. Ciki ya kumbura tim, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya, gashi duk ya mimmiƙe. Wata maƙwabciya ta leƙo tace ai zazzaɓi ne, a ɓalli rabin farasitamol a jiƙa a ɗura mata, mu kuma muka ɗura. Washegari fuskarta ta kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, numfashi sama-sama, kafin la'asar ta mutu. Yaron nan kwana 2 ya yi ba ya cin abincin kirki.

Da aka sake ba shi wata bayan sallar layya nace wallahi wannan karon sai an tambayi masu ilimin abin, muka ɗauke ta a kwando zuwa asibitin dabbobi. Da na ba likitan labarin ta farko shiru ya yi ya kalle ni, sannan yace Hajiya ko babbar mage aka ba ƙwaya ɗaya ta farasitamol tana iya mutuwa, hantarsu ba ta iya sarrafa shi kamar tamu. Miyar ma da nake ganin gata nake mata, albasa da tafarnuwan ciki farfasa musu ƙwayoyin jini suke, ko ɗanye ko dafaffe. Madarar shanu kuma, ta gari ce ko ta gwangwani ko nonon da Fulani ke kawowa, da zarar an yaye mage cikinta ba ya narkar da sukarin da ke ciki yadda ya kamata, shi ne zawon, kuma zawo a jikin abin da bai kai rabin kilo ba ai kwana kaɗan ne.

Abin da na fahimta tun daga ranar, mage ba kare ba ce ba kuma kaza ba ce. Allah Ya halicce ta maciyar nama ce zalla, buɗe bakinta ka duba haƙoran, babu na niƙa hatsi ko ɗaya, duk na yaga ne da yanka. Akwai wani sinadari da ake kira taurin, ba taurin kai ba fa, wanda jikinta ba ya iya haɗa isasshe sai ta ci a nama, in babu shi a hankali ido ya mutu zuciya ta saki. A 1987 ne masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka suka gano cewa ciwon zuciyar da ke ta kashe maguna a can rashin wannan sinadarin ne a abincinsu na kamfani, daga nan kamfanoni suka ƙara shi. To in na kanti ma ya taɓa gazawa, ina ga tuwon masara? Tuwo zai cika mata ciki ta daina kuka, kai kana ganin ta ƙoshi alhali yunwa ce ke cin ta a tsaye.

Nan ne mutane ke cewa to mu da ba mu ci nama ba ina za mu samo na mage. Nima haka na faɗa. Na shiga babban kanti na duba abincin mage na kamfani irin su Whiskas da Royal Canin, na ga kuɗin na mayar na ajiye a hankali kamar ƙwai. Wanda Allah Ya hore wa ya saya, abu ne mai kyau kuma ya huta da lissafi, amma ya duba an rubuta kitten a jiki wato na ƙanana, da kuma kalmar complete wato cikakken abinci, ya duba ranar lalacewa, furotin ɗin, wato sinadarin gina jiki, kar ya gaza kashi 30 cikin 100 in busasshe ne. Kar a yarda da wanda ake aunawa a leda ba suna ba kwanan wata dan an ga araha, kuma kar a ba ta na kare.

Ni dai wajen masu figar kaji na koma. Duk kasuwar da ake yanka kaji za ka samu masu saye da yawa, musamman masu gidan abinci da masu biki, ba su damu da zuciya da wuya da 'yan guntayen da ke fita ba, in ka saba da yaro ɗaya a wurin zai riƙa tara maka a leda da ɗan kuɗi kaɗan. Zuciya ita ce kan gaba dan taurin ya fi yawa a cikinta, sai ƙundu da naman cinya. Wajen mahauta ma akwai zuciyar sa da ƙoda da guntun da ake sharewa a kan teburi. Ina wankewa in dafa da ruwa kaɗan, ba gishiri ba magi ba albasa ba komai, in yayyanka ƙanana, kuma ruwan dahuwar ba na zubarwa saboda taurin ɗin yana fita ya shiga romon ne, da shi nake jiƙa mata. Ƙwai guda dafaffe sau 2 ko 3 a sati. Kifi ma haka, dafaffe an cire ƙaya, sau ɗaya ko biyu a sati ya isa, ɗanyen kifi kullum yana cinye mata wani bitamin na jijiya har ka ga mage tana tangaɗi kamar ta sha wani abu. Busasshen kifin kasuwa kam ina tsoronsa, ga gishiri ga wasu marasa tsoron Allah da ke fesa masa maganin ƙwari. Hanta suna mutuwar so amma kaɗan ake ba su, kamar girman kan yatsa sau ɗaya ko biyu a sati, in ta yi yawa bitamin A ɗin ciki yana taruwa ya sandarar musu da ƙashin wuya da gaɓoɓi.

Sai abin da ban taɓa zato ba, wai nama zalla ma matsala ne. Magen da ta kama ɓera ai da ƙashinsa take cinyewa, tsoka kaɗai babu kalsiyam ɗin da zai gina ƙashi, 'yar kyanwa mai tasowa in aka riƙe ta a kan tsoka kawai sai ƙafafu su lanƙwashe, ta yi tsalle daga kan kujera ta karye. Kuma ba a ba ta dafaffen ƙashin kaza dan tsagewa yake ya soke ta. Maganin yana kwandon shararmu, ɓawon ƙwai. In na tara sai in tafasa shi, in shanya a faranti a rana ya bushe ƙarau, in daka a ƙaramin turmi har ya zama kamar hoda in tankaɗe, in zuba a kwalba. Kamar rabin ƙaramin cokalin shayi ake barbaɗawa a rabin kilo na nama. Mai shayin bakin layinmu har dariya yake in ya hango yarona da leda, yace an zo karɓar kason mage.

Cikinta ƙarami ne, dan haka kaɗan-kaɗan ne sau 4 a rana har ta kai wata 6, daga nan a rage zuwa 2 ko 3. Matsalata ɗaya wuta, ba kullum firij ke sanyi ba, sai nake dafa na kwana 2 kawai in riƙa ɗumamawa safe da yamma kamar miya, wanda ta rage a kwano kuma ba ya wuce awa ɗaya zuwa biyu a zafin nan nake zubarwa. Ruwa mai kyau kullum a ajiye. Duk Juma'a muna ɗora ta a sikelin mai shagon unguwa, lafiyayya tana ƙara kamar giram 100 a sati, a wata 2 ta doshi kilo 1, in ka ga sati ya wuce ba ta motsa ba to da matsala, galibi tsutsar ciki ce, kuma indai da tsutsa duk naman da ka saya su kake ciyarwa. Likitan dabbobi ne zai auna maganin daidai nauyinta, a wata 3 kuma a yi mata rigakafin ciwon haukan kare tunda da yara take wasa.

Masu raba 'ya'yan mage tun ido bai gama buɗewa ba su ji tsoron Allah, a bar su da uwarsu sati 8. Sai wajen sati 4 suke fara lasar abinci, kafin nan nonon uwa ne kawai ko madararsu ta musamman.

Akwai kuma maganar da na gaji da ji, wai in ka ƙosar da mage ba za ta kama ɓera ba, za ta zama kyanwar Lami. Har surukata ta faɗa min. Farauta a jininsu take, ƙosasshiyar mage ma tana kamawa dan wasa kawai, wadda yunwa ta cinye wa ƙafafu da me za ta bi ɓera? Sai dai ta koma buɗe tukunya da satar 'yan tsaki a zo ana jifanta. Kuma duk mun san hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim na matar da ta shiga wuta saboda mage, ta tsare ta ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Mu da muka ɗauko ta muka ajiye dan ta tsare mana buhun hatsi, ai ɗaukar aiki muka yi.

Malam Edita, da za ku riƙa gayyato likitan dabbobi ko sau ɗaya a wata yana amsa tambayoyi a shafinku na noma da kiwo, a taɓo har da mage ba kaji da raguna kaɗai ba, da an taimaka. Tamu yanzu watanta 7, gashi sai sheƙi, shekaranjiya da asuba na fito alwala na tarar ta ajiye min ɓera a kan takalmina, na yi ihu har maigidan ya fito da taɓarya.

Na gode.

Taku mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya