Wasiƙa zuwa ga Edita: Yadda ake daɗewa a raye a tekun Subnautica

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani abu da wasu za su ɗauka shiririta ce, wato wasan kwamfuta mai suna Subnautica, wanda kamfanin Unknown Worlds na ƙasar Amurka ya kammala ya fitar a watan Janairun 2018 bayan ya shafe shekaru uku a hannun masu gwaji. Abin da ya tunzura ni rubutu shi ne yadda na lura yawancin waɗanda suka fara wasan suna ajiye shi bayan 'yan kwanaki, suna cewa dodannin teku sun hana su sakat. Na daɗe ina buga shi, kuma a ganina an ɗora wa dodanni laifin da ba nasu ba. Abin da ya fi kashe mai wasa shi ne ya nutsa ba tare da ya lissafa hanyar dawowa ba, ko kuma ya ci gaba da rayuwar hannu baka hannu ƙwarya alhali wasan ya ba shi hanyar da abinci da ruwa da wuta za su riƙa samar da kansu.

Ga wanda bai san labarin ba, jirgin sama jannati mai suna Aurora ne ya faɗo a wata duniya da ake kira 4546B wadda ruwa ya rufe kusan ko'ina a cikinta, kuma mai wasa ya tsira shi kaɗai a cikin ƙaramin ƙwanson ceto mai lamba 5. Ba a ba shi taswira ba, ba a kuma ba shi bindigar kisa ba, domin masu wasan da gangan suka ƙi saka ta. Yana da na'urar da ke ƙera kaya daga abin da ya tsinto, yana da yunwa da ƙishirwa, sannan yana da numfashin daƙiƙa 45 kacal a ƙirjinsa.

Daga wannan daƙiƙa 45 komai ya fara. Tankin iska na farko yana kai mutum daƙiƙa 75, na biyu 135, mafi girma kuma 225, amma na ga girman tanki yana ƙara wa mutane ganganci fiye da yadda yake ƙara musu tsawon rai. Na'urar da ke hannun mai wasa tana gargaɗi idan saura daƙiƙa 30, kuma wannan gargaɗin yana da amfani a ruwa mara zurfi inda sama take kusa. A cikin tarkacen jirgi kuwa, inda aka bi ta ƙofa uku da wata siririyar hanyar iska kafin a kai ɗakin da ake nema, jin gargaɗin yana nufin an riga an makara. Na taɓa mutuwa a irin wannan wuri ina ganin hasken waje ta wata tsaga, na juya dama na ci karo da bango, na juya hagu na koma ɗakin da na fito, har allon ya yi baƙi, kuma abin da ya tsayar da ni a ciki tun farko wani guntun kaya ne da nake so in ƙarasa ɗauka da sikana, wato na'urar da ke ɗaukar zanen kaya domin a iya ƙera irinsa. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: idan iska ta kai rabi zan juya, ko da abin da nake nema yana gaban hancina, domin tarkace ba ya gudu. Sauran taimako suna nan, kamar abin rufe fuska da ke hana iska saurin ƙarewa idan an wuce mita 100, da murjanin nan mai kama da ƙwaƙwalwa da ke fitar da kumfar iska, da ɗaukar tanki na biyu cike a jaka, sai dai dukkansu suna bayan dokar rabi.

Batun ciki shi ne inda nake ganin mutane suka fi ɓata lokaci. A farkon wasa dole ne a bi kifi da hannu: ana gasa mai manyan idanun nan da ake kira Peeper, ana kuma tace ruwan sha daga Bladderfish. Gasasshen kifi yana lalacewa, wanda aka sa wa gishiri ba ya lalacewa amma yana ɗan ƙara ƙishirwa, don haka shi ne guzurin doguwar tafiya. Ana kuma haɗa gishiri da guntun murjani a sami sinadarin da ke ba da kwalaben ruwa biyu. Duk wannan daidai ne a kwanakin farko. Kuskuren shi ne a shafe sa'o'i ashirin ana haka, kowace tafiya sai an yanke ta an dawo farautar kifi. A kudu maso yammacin inda aka faɗo akwai tsibiri mai yawo a kan ruwa, kuma a kansa akwai tsofaffin gine-gine da lambun da aka bari. Wanda ya je can da wuri, ya ɗauki zanen babban ɗaki da na kwamin shuka, ya kuma kwaso iri, ya gama da yunwa har ƙarshen wasa. A cikin shuke-shuken na fi yarda da wani ɗan itace mai kama da kankana, saboda yana ba da abinci da ruwa a lokaci guda, kuma idan aka sare babba da wuƙa ana samun iri huɗu. Ƙa'idar ita ce kada a taɓa cinye na ƙarshe: a ci uku, a sare na huɗu a sake shukawa.

Waɗannan gine-ginen na mutanen wani jirgi ne mai suna Degasi da ya faɗo shekaru kusan goma kafin Aurora, kuma labarinsu, wanda ake tsinta a rubuce-rubucen da suka bari, shi ne darasin da masu wasan suka ɓoye a fili. Su uku ne suka tsira: kyaftin Paul Torgal, da ɗansa Bart, da wata sojar haya mai suna Marguerit Maida. Sun bar tsibirin suka gina gida a wani kogo mai zurfin mita 250, daga nan suka sake nutsawa zuwa mita 500, suna ta jayayya a tsakaninsu, har wani dodo ya farfasa gidan nasu na ƙarshe. Bart, wanda shi ne mai kula da shuka, ya koma tsibirin shi kaɗai da cuta a jikinsa. Gidajensu duk sun zama kufai, amma lambun yana nan yana 'ya'ya, kuma da shi mai wasa yake rayuwa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, an san abin yi.

Gida a ƙarƙashin ruwa yana tsaye ne a kan abu biyu, wuta da ƙarfin bango. Idan wuta ta ƙare iskar cikin gidan ma ta ƙare, kuma mutum na iya shaƙewa a tsakiyar ɗakinsa. Faifan sola yana da sauƙin haɗawa, amma ba ya aiki da dare kuma ƙarfinsa yana raguwa da zurfi, saboda haka wanda ya jona masa na'urar tace ruwa, wadda ke shan wuta ba dare ba rana, zai wayi gari cikin duhu. Injin da ke cin tsirrai da kifi yana aiki a kowane zurfi, kuma idan aka dasa masa kwami ɗaya a gefensa ba zai rasa abin ci ba, sai dai yana buƙatar a riƙa tunawa da zuba masa. Na nukiliya ya fi kowanne ƙarfi amma sandunansa suna ƙarewa. Wanda na fi so shi ne injin da ke ɗaukar wuta daga zafin ramukan da ke tafasa a ƙasan teku, domin da zarar an kafa shi ba ya neman komai. Shawarata ita ce kowane gida ya sami hanyar wuta iri biyu. Game da bango kuwa, kowane gini yana farawa da maki 10, kowane ɗaki ko taga yana rage makin, kuma ragin yana ƙaruwa da zurfi. Harsashin gini yana ƙara 2, farantin ƙarfafawa da ake yi da litiyom yana ƙara 7. Masu son tagogi su fara da farantin, domin idan makin ya ƙare ruwa zai ɓarke ta ko'ina.

A nan zan saɓa wa masu gina katafaren gida guda ɗaya a bakin ƙwanson ceto su zuba dukiyarsu duka a ciki. Gidan yana da kyan gani, ban musa ba, amma kayan da ake buƙata a rabin wasa na biyu, irin su nikel da kayanait, suna can ƙasa da nisa. Ya fi amfani a yi ƙananan masaukai a kan hanya, ko da bututu ɗaya ne da ƙofa da abin ba da wuta da akwatin ruwa da batir. A yankin da ake kira Ɓataccen Kogi, a zurfin wajen mita 900, akwai wata ƙatuwar bishiya mai haske da ramukan zafi a kusa da ita, ba kuma mai farauta a wurin. Ban san wurin da ya fi shi dacewa da gida na biyu ba. Kowane masauki, da kowane bakin kogo, a jefa masa na'urar alama a rubuta mata suna mai ma'ana. Tun da babu taswira, waɗannan alamomin su ne taswirar, kuma kuɗinsu jan ƙarfe ɗaya ne da titaniyom ɗaya.

Motoci uku ne a wasan, kowace da iyakar zurfin da za ta jure kafin ruwa ya matse ta. Ƙaramin jirgin Seamoth yana farawa da mita 200, ana ɗaga shi zuwa 300 da 500 har 900. Rigar ƙarfe ta Prawn tana farawa da 900 ta kai 1700, babban jirgin Cyclops kuma daga 500 zuwa 1700. Waɗannan lambobi su ne tsanin wasan, kuma mai hankali ba ya tsallake mataki. Dabarar da aka saba ita ce a ajiye Seamoth 'yan mitoci sama da iyakarsa, a riƙa nutsawa daga gare shi ana dawowa shan iska. Cyclops kuwa gida ne mai tafiya, ana iya dasa tukwanen shuka da akwatuna a cikinsa, amma yana da ƙara, kuma idan aka daɗe ana gudu da shi a matakin ƙarshe injin yana kamawa da wuta. A yankin duwatsu masu aman wuta wasu tsutsotsi suna manne masa suna tsotse batir. Wanda zai shiga can ya tanadi batura shida na canji da abin kashe gobara da kayan gyara tun yana gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Dodannin da ake ta kuka da su ba su buƙatar dogon bayani. Reaper, mai tsawon fiye da mita 50, yana da yankunansa sanannu, kamar bayan tarkacen Aurora da tuddan yashi na yamma, kuma rurinsa yana isowa kafin shi. A bi gefen ƙasa ko bango, a sa wa Seamoth na'urar da ke jan lantarki domin ya sake shi idan ya cafke, kada kuma a wuce bakin babban ramin da wasan yake ciki, inda babu komai sai ruwa mara ƙasa da manyan dodanni masu kama da fatalwa. Kashe su yana yiwuwa da wahala, amma ba a samun ko ƙwayar lada.

Abu na ƙarshe da nake so masu farawa su sani shi ne babu agogon da ke korarsu. Gaskiya ne Aurora yana fashewa a farkon wasa, kuma sai an sa rigar kariya mai darma an je an toshe yoyon injinsa kafin gubar da ya watsa ta janye. Gaskiya ne kuma mai wasa yana ɗauke da cutar Kharaa, wadda sai an warke daga gare ta kafin a kashe makamin da ke harbo duk jirgin da ya kusanto, a hau rokar Neptune a tafi. Amma cutar ba ta kisa don an yi jinkiri, kuma wanda ya tsaya kwana goma na wasa yana tara batir da ruwa bai yi asarar komai ba. A matakin da aka saba bugawa, mutuwa tana cinye wasu daga cikin kayan da aka tsinto tun fitowa daga gida, don haka yana da kyau a riƙa leƙawa masauki kafin a shiga wuri mai haɗari. A mataki mafi tsanani rai ɗaya ne, babu kuma muryar da za ta ce saura daƙiƙa 30. A can ne na koyi duba ma'aunin iska kafin in duba abin da ke ƙyalli a ƙasa, kuma har yau, ko a mataki mai sauƙi, ba na barin ƙofar gida sai da kwalaben ruwa biyu, kifi biyu masu gishiri, batir ɗaya, da na'urar alama guda da ban riga na rubuta mata suna ba.

Na gode da wannan dama.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku