Zuwa ga Likita Bokan Turai

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya uwargida da yara? Na san za ka ce sai da buƙata ta taso na tuna da kai. Ba ka yi ƙarya ba, amma kai ma ƙirga watannin da ka yi ba ka neme ni ba, sai mu ga wa ke bin wani bashi.

Albishirinka! Yarinyar nan da na ba ka labari, wadda take tafiyar awa guda a ƙasa kullum kafin ta iso makaranta, ta samu gurbin karatun jinya. Ranar Talata ta shigo ɗakin malamai da takardar a ninke huɗu cikin littafin bayoloji, hannunta na rawa, wai in karanta mata ko ita ce ba ta gane abin da aka rubuta ba. Sau biyu na karanta. Shugaban makaranta, wanda ka san ko gaisuwa a ƙididdige yake amsawa, sai ga shi yana goge ido da hannun riga. Tun da na fara koyarwa a nan, ita ce ta farko.

Wallahi aminina, yaran nan ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Bara na tambayi 'yan ajin ƙarshe su lissafo min ayyukan asibiti. Likita, nas, sai aji ya yi tsit. Ba wanda ya san karatu ake yi kafin a zama mai gwajin jini, ko mai haɗa magani, ko mai ɗaukar hoton ƙashi, ko mai gashin ƙashi. Ta yaya mutum zai yi burin abin da bai taɓa jin sunansa ba?

Madubin likita ɗaya tal gare mu, shi ma ya shekara a kulle don tsoron kada ya lalace. Na sa aka fito da shi. Kowa ya kankaro cikin kumatunsa da tsinke, muka shafa a gilashi, na ɗiga shuɗin ruwan nan da ke sa ƙwayoyin halittar jiki su fito sarai. Wani yaro da ban taɓa jin muryarsa a aji ba ya leƙa, ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Malam, wannan a jikina yake?" Yanzu shi ke riƙe da makullin kabad ɗin.

  

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ƙananan abubuwa ke kayar da yaran nan. Cike fam a intanet ne, mu kuwa sai ka hau tudu kake samun sabis. Wani yaro ya ci jarrabawa sarai, amma an rubuta sunansa iri biyu a takardu biyu, kafin a gyara lokaci ya wuce. Ɗan birni yana da yaya ko kawu da ya taɓa bin hanyar, zai ce masa duba nan, kula da can. Namu ba su da kowa, don haka yanzu ni ke zama da kowannensu muna bin fam ɗin layi-layi.

Wani abokin aiki yana ta yi min shaguɓe, wai birni nake yi wa reno, duk wanda ya tafi ba zai waiwayo ba. Na ce ya je ya bincika. Tun a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen rabin mutanen duniya a karkara suke, amma likitocin da ke duba su ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma cikin shawarwarinta akwai a riƙa ɗaukar 'yan karkara a makarantun kiwon lafiya, domin su suka fi komawa su zauna. Japan ma ta kafa Jami'ar Jichi ta koyon aikin likita a 1972 don wannan matsalar: a yafe maka kuɗin karatu, kai kuma ka yi shekara 9 kana aiki a yankinku. A Afirka ta Kudu asibitin Mosvold ya fara ɗaukar nauyin yaran ƙauyukan da ke kewaye da shi a 1999, suna gamawa suna dawowa. Sai ya ce, "To abokin naka fa?" Nan ka ba ni kunya, Likita, na rasa bakin magana.

To ga yadda za ka wanke kanka. Ina so ka yi magana da su ta bidiyo, minti 30 kawai, ran wata Asabar. Ba lacca nake so ba. Ka gaya musu kai ma da fitila ka yi karatu, kuma sai a zama na biyu ka ci kimistiri. Kada ka ɓoye wannan, in ka ɓoye ni zan faɗa, har da kukan da ka sha. Ka sa farar rigar, su ga mai magana irin tasu a cikinta. Idan kana da tsohon abin sauraren ƙirji da ba ka amfani da shi, da littattafan shekarar farko, ka aiko wa yarinyar.

Mahaifinta har yanzu zuciyarsa biyu, yana tsoron nisa da ɗawainiya. Jibi zan sake komawa wajensa, ka taya ni da addu'a.

Akwai abin da na zauna musamman don in tambaye ka, ga shi ya shige min. In na tuna zan kira, ka dai ɗauka. A gaida uwargida, ka ce mata har yanzu ina jiran hoton autan.

Naka,
Malamin bayoloji