Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 na Ƙungiyarmu ta Masu Taimaka wa Majinyata a Gida

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da sauran 'yan'uwa membobi.

Ga bayanin abin da kwamiti ya gudanar a 2024. Majinyatanmu da suka riga mu gidan gaskiya a cikin shekarar, Allah ya jiƙansu, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya ba iyalansu haƙuri.

Ziyarar gida-gida ce ta ci mafi yawan lokacinmu da kuɗinmu. Akasarin waɗanda muke zuwa wa masu sankarar mama ne ko ta bakin mahaifa, sai masu shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Da yawansu an sallamo su daga asibiti ne da maganar nan ta "ku kai ta gida a ci gaba da addu'a". Addu'a kam ana yi, amma gyambon kwanciya ba ya jira. Mun koya wa masu jinya juya majinyaci duk bayan awa biyu, wanke gyambo da ruwan gishiri, da jiƙa masa baki idan ya daina iya haɗiya. Inda ciwo ya fashe yana wari har dangi suka fara ja da baya, nas-nas ɗinmu kan barbaɗa garin Flagyl, sai ka ga 'yan dubiya sun dawo ɗakin.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne maganin raɗaɗi. Mai sankarar da ta yi nisa, Panadol ba ya yi masa komai, morfin yake buƙata. Morfin na ruwa ba shi da tsada, da garinsa ake haɗawa, kuma tun 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta koma shigo da garin. Sai dai a manyan asibitoci ake samunsa, likita ne zai rubuta, kuma wani lokacin a je a tarar ya ƙare. Mutumin ƙauye kuwa kuɗin motarsa ma ya fi na maganin. Ga kuma tsoro. Tun da aka hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, ga ta'asar tiramadol a tsakanin matasa, iyalai na ɗaukar duk wani magani mai ƙarfi a matsayin ƙwaya. Mun tarar da gidajen da aka ɓoye kwalbar, wai kada tsohuwa ta saba da shi, alhali ba ta iya runtsawa da dare. Wasu kuma cewa suke yi yana gaggauta ajali. A nan malamanmu suka yi ƙoƙari, suka riƙa bayyana wa mutane cewa rage wa mara lafiya azaba bai saɓa wa tawakkali ba, kuma wanda zafi ya lafa masa shi ke iya yin salla da wasiyya cikin hayyacinsa.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 56.8 ke buƙatar irin wannan kulawa kowace shekara, kuma kusan kashi 14 cikin ɗari kacal ke samu. Amma Yuganda ta nuna ana iyawa: Dakta Anne Merriman ta kafa cibiyar kula da masu ciwon ajali ta Hospice Africa Uganda a 1993, a 2004 kuma ƙasar ta ba nas-nas da suka samu horo na musamman izinin rubuta morfin. Kwamiti na ganin hanyar da ta dace da mu ke nan, kuma ita muka jaddada a taron wayar da kai na ranar 12 ga Oktoba, Ranar Kula da Masu Ciwon Ajali ta Duniya.

Ɓangaren kuɗi, bana mun ji jiki. Cire tallafin mai a 2023 da faɗuwar naira sun ɗaga kuɗin mota, auduga, safar hannu da kunzugun manya, dole muka rage zuwa unguwanni masu nisa. Ma'aji zai karanta lissafin dalla-dalla a taro. Waɗanda ake bin su kuɗin wata-wata, don Allah a taimaka a biya.

A baɗi muna neman ƙarin maza 'yan sa-kai, domin dattawa da yawa ba sa yarda mace ta gyara su. Za mu kuma tsara karɓa-karɓa don masu jinya, waɗanda galibi mata ne, su samu ko da yini guda na hutu a mako. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin taro na gaba.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti