Roƙon tallafi: a ceto filin wasan makarantarmu kafin ruwa ya sauka

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu, 'yan kasuwa da tsofaffin ɗalibai na gida da na nesa.

Kwamitin iyaye da malamai na sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo ta garin nan ne ke kawo kuka gare ku. Duk wanda ya bi ta bayan azuzuwa ya ga ɓarnar da ruwa ya yi wa filin ƙwallo. Kwazazzabo ya tsaga shi daga gindin darbejiyar gabas har bakin ragar yamma, a wani wurin zurfinsa ya kai gwiwar babban mutum. Gara ta cinye turakun raga. Ramin tsalle ya koma juji, har da fasassun kwalabe, 'yan acaɓa kuma sun fitar da hanya ta tsakiyar fili. A haka yaranmu ke buga ƙwallo, yawancinsu ba takalmi.

Makarantar nan tana cikin waɗanda aka buɗe don karɓar yaran da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa (UPE) na 1976 ya yaye. Kakanninmu ne suka ba da gonakinsu, suka tumɓuke kututture da aikin gayya, ba su jira gwamnati ba. A filin nan aka saba yin gasar gidaje, Ja da Kore da Shuɗi da Rawaya: fareti, tseren mita 100, tseren miƙa sanda, jan igiya tsakanin malamai da iyaye. Ranar gasa ko kasuwa takan yi sanyi. Yau kofunan suna ofishin shugaban makaranta sun sha ƙura, gasar ta tsaya.

Aikin yana da tsari, kuma tsallake shi ne ya cuce mu a baya. An taɓa zuba ƙasa a kwazazzabon ba a yi wa ruwa hanya ba, ruwan Agusta ya kwashe ta cikin dare ɗaya. Saboda haka magudana ce farko: a haƙa ta gefen gabas inda ruwan rufin azuzuwa ke taruwa, a ɗaure ta da dutse da siminti. Sannan a cike ramin da jar ƙasa hawa-hawa, kowane hawa a yayyafa ruwa a daddaɓe, don wadda aka juye gaba ɗaya lotsawa take yi. A bar tsakiyar fili ya ɗan fi gefe tudu. Raga ta bututun ƙarfe muke so, faɗi mita 7.32, tsayi mita 2.44, a dasa gindinta cikin kankare. Ramin tsalle yana buƙatar yashin rafi tankaɗaɗɗe, ban da na gini mai tsakuwa. Ciyawar ƙiri-ƙiri sai ruwan farko za a dasa ta, kuma in ba shinge, awaki muka shuka wa.

Ba mu manta da alherin direbobin tifa da suka kawo ƙasa kyauta ba, da matan da suka yi ta aiko da kunu da ruwa ga masu aiki. Allah Ya saka musu. Amma a taron gidauniyar baya an yi alkawura a lasifika, aka tafa, har yau littafin yana nan da sunaye babu cikawa. Ba za mu kira sunan kowa ba, alkawari dai kaya ne. Ku kuma samarinmu da ke biyan kuɗin gidan kallo duk mako don musun Barcelona da Madrid, ƙannenku fa ke karya ƙafa a nan. Manzon Allah (SAW) ya ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri da soyuwa wurin Allah a kan mai rauni.

Don Allah kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa: kuɗi, buhun siminti, tifar ƙasa, bututu, ko ƙarfin jikinsa. Ana karɓa a ofishin shugaban makaranta, a ba mutum rasit. Gayyar haƙa magudana ranar Asabar ce bayan sallar asuba, mai shebur da diga ya taho da su.